Ruwa Ya Ci Kwari, Kada Ki Ɗaure Kaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki lafiya, Ya tsare ki a kwananki da tashinki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki da kowa. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Mu nan Gummi babu mai ko ciwon kai, alhamdulillahi.

Kin san ni da rubutu. Aji huɗu na yi kakanki ya karɓe fensir ya miƙo mini hauya, don haka inda kika ga harafi ya karkace ki daidaita shi a zuciyarki. Na zaɓi takarda ne don ban iya magana a waya ba. Da kin ce "Baba ina wuni" sai in ce lafiya, in miƙa wa Innarki. Ga shi kuma ke 'yar fari ce, sunan mahaifiyata gare ki. Tun kina goye ban taɓa ɗaukarki gaban mutane ba, ban taɓa yabonki a kan idonki ba. Haka muka taras ana yi. Amma takarda ba ta da ido, ba zan ji kunyarta ba.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Gulbi ya cika ya fasa, ruwa ya ci gonar Kwari. Shinkafar da kika bari tana ɗaukar ciki, yanzu ko ganyenta ba a gani, kwalekwale ke bi ta kai. Na fi son ki ji daga gare ni kafin wani ya buga miki ya ƙara gishiri. Innarki ta faɗa mini abin da kika ce mata a tasha ranar da za ki tafi jami'a, ina can ina ɗaure buhunki a bayan mota. Kin ce shinkafar Kwari ce ke riƙe da karatunki, in ruwa ya ci ta ba za ki zauna a Sakkwato kina karatun tarihi ƙannenki suna ƙarancin tuwo ba, gida za ki dawo ki kama ɗinki. Na san ki, in kin faɗa kina aikatawa. To kafin ki taɓa jakarki ki karanta wannan har ƙarshe.

Ki tuna kakar da ta wuce waccan, lokacin koron tsuntsaye. Jan-baki sun yi mana yawa, ni da ke muke wuni a rumfar da na kafa tsakiyar shinkafa, ina jan igiyar gwangwanaye ke kina riƙe da littafin nan na Turanci da malamarku ta tarihi ta ara miki, mai yagaggen bango. Kina karantawa kina juya mini da Hausa. Da farko don in kori barci nake saurare. Ni a tunanina Bature da jirgin sama aka haife shi. Sai ga ki kina ce mini mutanen Ingila na dā, tun kafin a kafa Sakkwato da ɗaruruwan shekaru, da itace da laka suke gina ɗaki su yi masa jinka, su kwana a gefe ɗaya shanunsu a ɗaya gefen, hayaƙin murhu yana neman hanyar fita ta cikin ciyawa. Kika ce yaransu ma da majajjawa suke korar tsuntsaye daga gona. Na dubi majajjawar da ke rataye a wuyana, na dube ki, muka yi ta dariya har tsuntsaye suka samu damar sauka.

Ban manta ko ɗaya ba. Kin ce akwai masu biyan kuɗin hayar ƙasa da wani kifi dogo mai kama da maciji, na ce ashe da can aka haife ni da gaiwa zan riƙa sallamar masu bina bashi. Kin ce har doka aka taɓa yi a kan tsawon bakin takalmi, don masu ƙwalisa sun mayar da shi kamar ƙahon rago. Kin ce mai gasa burodi in ya yi algus, sai a rataya masa burodin a wuya a ja shi cikin gari kowa ya gani. Wannan kam har gobe in na saye burodi na matsa shi ya koma kamar auduga, sai in tuna da ita.

Akwai wadda ban yi dariya ba. Kin ce in talaka ya mutu, ubangidan ƙasar yakan zo ya ɗauki dabbar da ta fi kyau a gidan, tun iyali ba su share hawaye ba. Nan take na tuna ƙauyukan Bukkuyum inda yau mutum ba ya girbe abin da ya shuka sai ya biya masu bindiga. Kika ce mini waccan al'adar ta shuɗe, babu mai yin ta yanzu. Ba ki san yadda maganar ta zauna mini ba. Ashe zalunci ma yana tsufa ya mutu, har wata yarinya a wata ƙasa ta karanta shi a littafi tana mamaki. Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka abin da yake ciki haka zai dawwama.

Bari in ba ki labarin wautata guda, tunda ta shafi cin abinci, kuma Innarki ta ce kin rame a hoton da kika turo. Ina sabon ango na bi wani dillalin shinkafa zuwa Gusau. Da muka gama ciniki ya kai ni gidan abinci irin na masu tebur, aka ajiye mini faranti da wuƙa da cokali mai yatsu. Tun safe ban sa komai a bakina ba, ƙamshin miya har cikin kaina. Amma na duba hagu na duba dama, kowa yana yanka yana soka, na ji tsoron a gane ni baƙauye ne. Sai na ce azumi nake. Dillalin ya dube ni ya ce, "Azumin Laraba, Malam Sani? To Allah Ya karɓa." Ya jawo farantina ya haɗa da nasa. Haka na dawo Gummi cikina yana kuka a bayan mota, babu lada babu ƙoshi.

Shekaru bayan haka ina zaune a rumfa kika karanta mini cewa manyan Ingila na dā, masu fada da dawakai, ba su san cokali mai yatsu ba. Da hannu suke ci, kowa ya zo da wuƙarsa a ɗamara, mutum biyu su haɗa kwano ɗaya, a zuba musu ruwa su wanke hannu kafin a fara. Faranti kuwa busasshen burodi ne ake yankawa da faɗi, a zuba nama a kai, in an gama a ba mabukata ko karnuka. Na ce a raina, wato na wuni da yunwa don kunyar abin da kakannin masu shi ma ba su san shi ba. Uwani, ki ci abinci. In an ba ki cokali ki koya, ba wuya gare shi ba. In hannu ya fi miki daɗi ki wanke ki ci. Kada ki bar kunyar inda kika fito ta hana ki abin da yake rabonki, ko a kwano ko a aji. In ba ki gane karatu ba ki ɗaga hannu ki tambaya da harshenki na Gummi, duk mai dariya ya yi.

Yanzu ga babbar maganar.

Ranar da karatu ya kawo ki kan gonakin mutanen Ingila, kin ce manomi ɗaya ba ya da gona a dunƙule. Filin gari ne babba, an tsaga shi dogaye dogaye, kowane magidanci yana da tsagi nan, tsagi can, wani a gangare, wani a tudu, na maƙwabta a tsakani. Kika ce masana ba su haɗu a kan dalili ba, wasu sun ce saboda shanun huɗa ne da ake haɗawa a yi wa kowa bi da bi, wasu sun ce don kada mutum ɗaya ya kwashe ƙasa mai kyau, ko bala'i ɗaya ya kwashe mutum ɗaya. Kika wuce zuwa shafi na gaba. Ni kuwa na saki igiya. Har kika ce, "Baba, tsuntsaye fa," ban ji ki ba. Ban san dalilin Turawa ba, amma a nan take na gane na kakanki.

Lokacin da ya tsufa, Allah Ya jiƙansa, tun da ransa ya raba mana gonaki ni da Baffanki Lawali. Wuri uku ne: Kwari da ke bakin gulbi, Giginya da ke ɗan sama inda ruwa ke taɓawa ya koma, da Tudu mai yashi inda ake gero da wake. Maimakon ya ba kowa wuri guda, sai ya tsaga kowacce biyu, ni rabi Yaya Lawali rabi. Na ga abin kamar rikicin tsufa. Kullum ina kan hanya da hauya a kafaɗa, daga wannan zuwa waccan, rabin ƙarfina a tafiya yake ƙarewa. Ga Kwari kuma ita ce mai albarka, shinkafa tana yi har ta kwanta. Bayan rasuwarsa na samu Yaya na ce ya bar mini rabinsa na Kwari, in bar masa nawa na Giginya da Tudu. Ya tambaye ni ko na yi tunani. Na ce na yi. Ina saurayin magidanci, ina ganin na fi tsoho dabara. Da na tsaya a kan iyaka na hangi shinkafata shimfiɗe babu ta kowa a tsakani, ji na yi kamar sarki.

Damina biyu na ci daɗi. A ta uku gulbi ya fasa, kamar bana. Kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Rumbuna ya wayi gari babu ko zangarniya, Baffanki kuwa yana ɗaure damman gero a Tudun da na ba shi da hannuna. Bai yi mini gori ba, ya aiko da abin da ya aiko. Ni ma ban ce na yi kuskure ba, na ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce kam, amma ni na tattara mata kayana wuri guda don kada ta sha wahalar nema.

A ranin nan na tafi Anka haƙar zinari. Can ne na yi wauta ta biyu. Zazzaɓi ya kama ni, na ɓoye, don kada a ce ɗan Gummi rago ne a ba wani ramina. Ina shiga ina fita jiri na ɗibata, har ranar da na faɗi a bakin wurin wanke ƙasa. Wani mutumin Barno da ko sunansa ban riƙe daidai ba, shi ya goya ni a babur zuwa asibiti, yana ta faɗa a hanya cewa da na buɗe baki tun farko da ba a kai haka ba. Na tuna shi ranar da kika karanta mini dokar kururuwa ta mutanen Ingila. Kin ce in an yi wa mutum ɓarna wajibi ne ya kwarma ihu, duk wanda ya ji kuma wajibi ne ya bar abin da yake yi ya fito, garin da ya ji ya yi shiru a ci shi tara, wanda ya ga ɓarna ya ƙi yin ihun shi ma a ci shi. Wato sun san shirun mutum ɗaya yana iya cutar da gari. Ke ma haƙuri gare ki irin nawa, kuma haƙurinmu yakan wuce gona da iri. In ba ki da lafiya ki faɗa. In guzuri ya ƙare ki faɗa. In wani ya tsare miki hanya da maganar banza, malami ne ko ɗalibi, kada ki haɗiye, ki samu babbar mace a makarantar ki gaya mata, ki gaya mana. In kuma kin ji kukan wata a ɗakinku, ki tashi, ko ba ki san garinsu ba.

Na dawo daga Anka, shekaru masu kyau suka biyo baya, Kwari ta yi ta ba ni, na manta da darasin. Da ba don littafinki ba da har yau ina nan a mance.

Bayan mun girbe shinkafar kakar da kika yi mini karatun, na samu Baffanki a Tudu yana ɗaurin kara. Na ce ina son mu koma rabon Baba. Ya ajiye igiya ya dube ni, ya ce shekara goma sha wani abu yana jiran wannan magana, mi ya kawo ta yau? Da na yi shiru da ya fi mini sauƙi, amma na faɗa masa gaskiya, na ce ɗiyata ce ta karanta mini yadda mutanen Ingila na dā ke tsaga gonakinsu. Ya yi dariya har ya zauna a kan kara. Ya ce, "Ubanka ya gwada maka da hannunai ba ka ji ba, sai da matattun Turawa suka faɗa maka?" Na ce haka ne, Yaya. Ya yarda, don shi ma yana marmarin shinkafar Kwari. Muka kira dattawan unguwa suka shaida, kowa ya koma kan tsohuwar iyakarsa. Tun ranar yake kirana Bature. Kin sha ji, na ga kina murmushi, kin ɗauka don agogon da nake ɗaurawa ne. Kin san an yi musayar, amma ban taɓa gaya miki daga bakinki ta fito ba. Sau da yawa na so in faɗa, kunya ta hana.

Baffan naki ne kuma ya fi kowa tsiya da kika ce tarihi za ki karanta. Kin ji shi a zaure yana cewa ga aikin asibiti ga koyarwa, ke sai labarin mutanen da ƙasa ta cinye, wa zai ba ki tuwo da shi? Na ga idonki ya cika, ban ce komai ba don yayana ne. Na san maganar tana cikin abin da ya sa kika ce wa Innarki za ki dawo. Kina ganin karatun naki kaya ne kika ɗora mana, wanda ba zai taɓa sauke kansa ba.

To ga yadda gonaki suke yau. Kwari ta tafi, tawa da ta Baffanki duka, sai dai mu sa rai da noman rani in ruwa ya janye. Giginya ruwa ya leƙa ƙasanta ya kwana ya koma, shinkafar tana tsaye, ta fara fitar da kai. Tudu kuwa ban taɓa ganin gero irin na bana ba, ruwan da ya kashe Kwari shi ya raya yashi. Ƙannenki suna can suna gasa tumu har sun ƙi tuwon rana. Gero zai riƙe gida, shinkafar Giginya za ta riƙe ki. Ba za mu yi wadata ba, Innarki ta haƙura da sabon zanen da na yi mata alkawari, ni ma babur ɗina zai ƙara shekara da tsohuwar taya. Amma babu wanda zai kwana da yunwa, babu kuma wanda zai tafi Anka. Da a rabon da na yi da wayona muke, da yanzu ba takarda zan aiko ba, ni zan zo da kaina in ɗauko ki, ban san da wane ido zan dube ki ba.

Don haka kada ki ce karatunki bai kawo komai gidan nan ba. Tun ba ki shiga jami'a ba ya cika mana rumbu. Ni dai ban san abin da ake zama in an gama tarihi ba, ban kuma damu in sani yanzu ba. Na ga yarinya ta zauna a rumfar kara, rana na dukanta, ta ɗauko maganar mutanen da suka mutu a wata duniya ta sa ubanta ya gane maganar nasa uban. Wadda ta yi wannan da aron littafi mai yagaggen bango, ina son in ga abin da za ta yi in an sake ta cikin ɗakin da littattafai suka kai rufi. Ina alfahari da ke, Uwani. Ga shi na rubuta, ba zan iya gogewa ba.

Abu ɗaya zan ƙara, daga gonar ne shi ma. Kada ki tattara kanki wuri guda yadda na yi. Ki riƙe karatun boko, ki riƙe na Alƙur'ani da kika fara, kada keken ɗinkin da kika iya ya fita daga hannunki. Ƙawaye ma kada ki ce sai 'yan Zamfara, ki samu ta kudu, ki samu ta gabas. Ba ki san ta inda ruwa zai fasa ba.

Shekaranjiya ni da Baffanki muka tsaya a kan tudun makabarta muna kallon ruwan da ya rufe Kwari. Shi ma ya yi asara, rabin da ya karɓa daga hannuna ne ya nutse, na ɗauka zai ce na ja masa. Sai ya ce Baba ya san abin da yake yi, gara kowa ya ji ciwo kaɗan da ɗaya ya mutu. Da za mu rabu ya kira ni, bai ce Bature ba, ya ce, "Sani, in za ka rubuta ma ɗiyar nan, ka ce ta zauna ta yi abin da ya kai ta. Ka ce kuma ta duba muna cikin littafin nasu, mi mutanen nan ke yi ma ɓera in ya shiga rumbu?"

To kin ji saƙon Baffanki. Yana jiran amsa, kuma ba a Gummi za ki samo ta ba.

Direban da zai kawo miki wannan zai ba ki ƙullin tumu da soyayyen kifi daga Innarki. Ki ci, ki ba na kusa da ke. In an yi hutu kada ki kamo hanya sai mun ce miki ta yi kyau, kuma ki shigo motar safe. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya buɗa miki ƙirji, Ya kare ki daga sharrin mutum da na hanya, Ya dawo mana da ke a lokacin da ya dace, ba kafinsa ba. Amin.

Mahaifinki,
Sani